Tsaba Da Ƙaiƙayi: Yadda Google Ke Auna Rubutu Kafin Ya Kai Shi Gaban Mai Nema

A watan Janairun 2011 wani kamfani daga garin Santa Monica na jihar Kalifoniya a Amurka ya fara sayar da hannun jarinsa a kasuwar New York. Sunansa Demand Media. Kafin a tashi kasuwa a ranar farko an ƙiyasta darajarsa a kan kimanin dala biliyan 1.5, har jaridu suka riƙa jera shi da kamfanin New York Times, jaridar da ta haura shekara 150 tana fitowa. Shi kuwa Demand Media bai cika shekara 5 da kafuwa ba. Ba shi da wakili a fagen daga, ba shi da tsohon edita mai furfura. Rubutu dai yake sayarwa, amma a kan mudu.

Ga yadda sana'ar take. Kwamfuta ce ke duba abin da jama'a suke tambaya a intanet, ta duba nawa masu talla ke biya a kan kowace kalma, ta duba ko masu rububin kalmar suna da yawa, sannan ta fitar da kanun rubutu. Dubban marubuta 'yan kwangila, kowa yana gidansa, sai su zaɓi kanu su cike shi, a biya su wajen dala 15 kowane ɗaya. Wanda ke son cin abinci da wannan aiki dole ya yi da yawa a yini. Don haka mutum guda zai yi maka bayanin gyaran famfo da hantsi, da azahar ya koma kan ciwon ƙoda, da la'asar ya koya maka horar da kare. A 2009 mujallar Wired ta ruwaito cewa kamfanin yana zuba rubutu da bidiyo kusan 4,000 a kullum, yawanci a shafinsa mai suna eHow. Ba shi kaɗai ba ne, akwai ire-irensa da dama, har aka laƙaba musu suna gonakin rubutu.

Rubutun nasu ba lalle ya zama ƙarya ba. Matsalarsa ita ce fanko ne. Ka tambayi abu, a maimaita maka tambayarka sau biyar, a kewaye ka da talla, ka fito ba ka ƙaru da komai ba. Amma shi ne a saman sakamakon Google, domin an ɗinka shi daidai da awon Google.

Wata ɗaya bayan shigar kamfanin kasuwa, Google ya sauya awon.

Rumfar bakin ƙofa

Duk ɗan kasuwa ya san bambancin rumfar bakin ƙofa da ta can ƙurya. A shafin Google, matambayi-ba-ya-ɓata, haka abin yake, har ma ya fi tsanani: 'yan sakamakon farko su ke kwashe masu saye, shafi na biyu kuwa sai wanda ya matsu yake leƙawa. Sana'ar sama wa shafi rumfa a bakin ƙofa ita ce masu yin ta ke kira SEO. Tana da halastaccen ɓangare, wato tsara shafi yadda na'urar bincike za ta iya karanta shi, a ba shi take mai ma'ana, ya riƙa buɗewa da sauri a waya, a yi amfani da kalmomin da mutane suke nema da su. Tana kuma da nata algus ɗin, kuma tarihinta kusan tarihin wannan algus ne.

A shekarun 1990 na'urorin bincike ƙidayar kalmomi suke yi. Shafin da ya fi maimaita kalma shi ne a gaba. Masu wayo sai suka riƙa rubuta kalma ɗaya sau ɗaruruwa da farin rubutu a kan farin shafi, mutum ba ya gani, na'ura tana gani. Larry Page da Sergey Brin, ɗalibai biyu na jami'ar Stanford da suka kafa Google a 1998, sun zo da wata dabara daban da suka kira PageRank. Maimakon a saurari abin da shafi ke faɗa game da kansa, a duba wa ke nuna shi. Duk mahaɗin da wani shafi ya sa zuwa naka shaida ce a kanka, shaidar babba kuma ta fi ta yaro nauyi. Mu da muka san darajar a ce wane ne ya aiko ka, wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu.

Sai dai shaida ma ana sayenta. A 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga sakamakonsa na ɗan lokaci, saboda yana nuna wa na'ura wani abu, yana nuna wa mutane wani. A Fabrairun 2011 New York Times ta bankaɗo cewa babban kantin nan na Amurka, J.C. Penney, ya shafe watanni a matsayi na ɗaya a kan kalmomi masu yawa, daga riguna zuwa kayan gado, albarkacin dubban mahaɗai da aka dasa a shafukan da ba su da wata alaƙa da kaya. Kantin ya ce bai san da zancen ba, ya sallami kamfanin da ke yi masa aikin. Google ya tura shi can baya, daga na 1 zuwa sama da na 60 a kan wasu kalmomin. A Afrilun 2012 aka fito da garambawul mai suna Penguin domin masu cinikin mahaɗai. Wannan ɓangaren yana da sauƙin fahimta, maguɗi ne aka kama. Na gonakin rubutu shi ne mai wuya, don ba su karya wata doka ba. Ta yaya za ka koya wa na'ura cewa rubutu ba shi da amfani?

Tambayoyin Panda

Amsar Google ta fito a ƙarshen Fabrairun 2011, aka sa mata suna Panda, sunan wani injiniyan kamfanin, Navneet Panda. A karon farko ta taɓa kusan kashi 12 cikin 100 na binciken da ake yi a Amurka. Shafuka irin su Suite101 da EzineArticles da Mahalo sun wayi gari maziyartansu sun zube. Mahalo ya rage ma'aikata cikin 'yan kwanaki. Shi eHow ya tsallake zagayen farko, har mutane suka fara cewa an bar jaki ana dukan taiki, amma a watan Afrilu ruwa ya cim masa. Demand Media bai sake komawa ganiyarsa ba. A 2016 ya sauya suna zuwa Leaf Group, a 2021 kuma aka sayar da shi kan kimanin dala miliyan 323.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka gina Panda. Amit Singhal, shugaban sashen bincike na wancan lokaci, da Matt Cutts, mai yaƙi da shafukan banza, sun bayyana cewa mutane suka tara daga waje, suka nuna musu shafuka, suka yi musu tambayoyi. Za ka yarda ka ba wannan shafi lambar katinka na banki? Za ka ba ɗanka maganin da wannan shafi ya ce a ba shi? Tallan da ke ciki ya yi yawa? Da aka tara amsoshin, sai aka koya wa kwamfuta ta nemo alamomin da ke raba shafukan da mutane suka amince da su daga waɗanda suka yi wa tsaki. A watan Mayu Singhal ya wallafa jerin tambayoyi 23 domin mai shafi ya auna kansa da su: shin wanda ya rubuta ya san abin da yake faɗa, shin akwai bincike ko bayani na asali a ciki, shin maimaita abu ɗaya ake yi da 'yar sauyawar kalmomi, shin mutum zai yi tsammanin ganin wannan a littafi ko mujalla. Duk editan da ya taɓa mayar wa ɗan koyo da rubutunsa ya san waɗannan tambayoyi tun kafin a haifi Google.

Akwai wani abu a Panda da ya girgiza masu sana'ar. Hukuncinta a kan gidan gaba ɗaya yake sauka. Idan kana da rubutu 50 masu kyau da 5,000 na cike gurbi, na cike gurbin za su ja masu kyan ƙasa, wake ɗaya ma yana ɓata gari balle buhu. Nan take shawarar masana ta juye. Waɗanda jiya suke cewa a ƙara shafuka, yau su ne ke cewa a goge, a haɗe, a gyara. A farkon 2016 Google ya tabbatar da cewa Panda ta shige cikin ainihin tsarin lissafinsa.

Alƙalan da ba a gani

Waɗancan mutanen da aka yi wa tambayoyi ba a sallame su ba. Google ya ce yana da masu auna inganci kimanin 16,000 a sassan duniya, 'yan kwangila ne, aikinsu su duba sakamakon bincike su ba shi maki. Littafin ƙa'idojinsu ya daɗe a ɓoye yana yoyo, sai a Nuwamban 2015 kamfanin ya sake shi gaba ɗaya. Ya haura shafi 150, kowa na iya saukewa kyauta, kuma a ganina ya fi yawancin kwasa-kwasan da ake sayar wa matasa da sunan koyon SEO amfani.

A kula da wani abu da ake yawan rikitawa. Makin waɗannan mutane ba ya ɗaga shafinka ko ya sauke shi kai tsaye. Da shi ake gwada ko sabon sauyin da injiniyoyi suka yi ya inganta sakamako ko ya ɓata. Su masu ɗanɗana miya ne, ba su ke riƙe da ludayi ba. Amma wanda ya san abin da harshensu ke so, ya san inda girkin ya dosa.

Littafin ya tsaya a kan abubuwa uku tun 2014: ƙwarewar mai rubutu, matsayinsa a fannin, da amincinsa. A Disamban 2022 aka ƙara na huɗu, wato gogewa, ko mutum ya taɓa abin da hannunsa. Mai sharhi a kan waya ya riƙe wayar? Mai bayanin gari ya taka garin? Gani ya kori ji, ke nan. A cikin huɗun kuma, littafin ya ce aminci ne ginshiƙi, domin ƙwararren maƙaryaci ba shi da amfani.

An kuma ware wani rukuni da ake tsananta awo a kansa: duk batun da kuskure a cikinsa zai iya taɓa lafiyar mutum, ko dukiyarsa, ko tsaronsa, ko zaman lafiyar al'umma. Idan ka yi kuskure a girkin alkubus, an yi asarar fulawa. Idan ka yi kuskure a yawan maganin da za a ba jariri fa? A Agustan 2018 wani babban garambawul ya kwashe ƙafafun shafukan kiwon lafiya da yawa waɗanda ba a san masu rubuta su ba, manyan asibitoci da hukumomin lafiya suka hau.

Abin da na'urar take gani

A nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan yi hattara da wa'azin Google. Kamfanin ya daɗe yana cewa ka rubuta domin mutane, sauran ka bar masa. Magana ce mai daɗi. To amma na'ura ba ta karanta rubutu ta ji daɗinsa yadda kai kake ji. Inuwar inganci take aunawa.

Shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google a 2023 ta buɗe tukunyar. An gabatar da wata takardar cikin gida ta 2016 inda wani injiniyan kamfanin yake shaida wa abokan aikinsa cewa a gaskiya ba fahimtar rubutun suke yi ba, kallon yadda mutane ke yi da shi suke yi. Pandu Nayak, ɗaya daga cikin manyan sashen bincike, ya yi wa kotu bayanin wani tsari mai suna Navboost, wanda ke tara bayanan abin da mutane suka danna na tsawon wata 13. A Mayun 2024 kuma dubban shafuka na takardun fasahar kamfanin suka fita waje, aka ga a ciki ana bambanta dannawa mai kyau da marar kyau, har da wadda mai nema ya tsaya a kanta bai sake dawowa neman wani ba. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike ba bisa ƙa'ida ba.

Ma'anar wannan ga marubuci mai sauƙi ce. Mutum ya tambaya, ya shiga shafinka, ya ga shimfiɗa sakin layi shida kafin amsa, ya koma baya ya shiga na maƙwabcinka ya zauna. Mutum ɗaya ba komai ba ne. Mutum dubu goma kuwa hukunci ne.

Ba a ce na'urar ba ta ci gaba a fahimtar harshe ba. A Oktoban 2019 Google ya shigo da tsarin BERT, wanda ya ce ya shafi bincike 1 cikin 10 na Turanci a Amurka. Misalin da suka bayar shi ne na ɗan Brazil da ke tambaya ko yana buƙatar biza zuwa Amurka. A da, na'urar tana watsar da ƙaramar kalmar da ke nuna inda aka dosa, sai ta kawo masa bayanin Ba'amurke mai zuwa Brazil. Tun daga nan cusa kalma ɗaya a kowane layi ya zama aikin banza. Haka ma camfin da ake yaɗawa cewa sai rubutu ya kai kalma 2,000 Google ke girmama shi. Kamfanin ya faɗa a fili cewa ba shi da wani adadin kalmomi da ya fi so. Wanda ya tambayi lokacin faɗuwar rana layi ɗaya yake so.

Gonar da ba ta buƙatar manomi

A ƙarshen Nuwamban 2022 ChatGPT ya fito. Rubutun da Demand Media ke biyan dala 15 a kansa ya koma kusan kyauta, cikin daƙiƙu. Gonakin da aka ce an ƙone a 2011 suka sake tsiro, wannan karon ba ko ɗan ƙodago.

Manya ma sun faɗa. A Janairun 2023 aka gano cewa CNET, tsohuwar kafar labaran fasaha, ta wallafa rubuce-rubuce 77 a kan harkar kuɗi da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta. Da aka bi su, sai da aka yi gyara a 41. Ɗaya ya shaida wa masu karatu cewa wanda ya ajiye dala 10,000 a kan ruwan kashi 3 cikin 100 zai ci ribar dala 10,300 a shekara, alhali ribar dala 300 ce. A Nuwamban shekarar kuma kafar Futurism ta bankaɗo cewa a shafin mujallar Sports Illustrated akwai sharhin kayayyaki ɗauke da sunayen marubutan da babu su a duniya, har da hotunan fuskokin da kwamfuta ta ƙirƙira. An ce Google na son ganin sunan marubuci da tarihinsa, to ga suna ga tarihi. Duk alamar da aka ce ita ce shaidar inganci, sai an sami mai buga jabunta.

Matsayin Google, kamar yadda ya bayyana a Fabrairun 2023, shi ne bai damu da wa ya rubuta ba, mutum ko na'ura, amfanin rubutun yake dubawa. A Maris 2024 ya fito da sababbin dokoki: haramun ne a zuba rubutu jibgi-jibgi domin kawai a kama sahun gaba, haramun ne a sayi tsohon adireshin da ya yi suna a cika shi da tarkace, haramun ne kuma babbar kafa ta ba wasu hayar inuwarta su sa hajarsu. Ya ce sauyin ya rage rubutu marar asali a sakamakonsa da kashi 45 cikin 100. Shi ya auna, shi ya faɗa.

Da labarin ya ƙare a nan, da sai mu ce gaskiya ta yi halinta. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Garambawul ɗin Satumban 2023 da na Maris 2024 sun yi wa ƙananan shafuka da yawa kuɗin goro, har da waɗanda suka yi duk abin da littafin ya ce. Misalin da ya fi yin amo shi ne HouseFresh, wani ƙaramin shafi da ke sayen na'urorin tace iskar ɗaki da kuɗinsa, ya gwada su, ya wallafa sakamakon. A Fabrairun 2024 ya fito da dogon rahoto yana nuna yadda manyan mujallu ke zama a samansa da jerin kayan da babu alamar sun taɓa gwadawa. Bayan 'yan makonni ya ce maziyartan da Google ke kawo masa sun ragu da kashi 91 cikin 100. A daidai wannan lokaci wasu masu bincike a jami'o'in Leipzig da Weimar na Jamus, bayan sun shekara suna bibiyar tambayoyi sama da 7,000 a kan sharhin kayayyaki, sun ce shafukan da aka tsara domin cin kamasho sun mamaye sakamako fiye da kima, kuma kowane garambawul ɗan sauƙi yake kawowa na lokaci kaɗan. A Oktoban 2024 Google ya gayyaci wasu daga cikin masu ƙananan shafukan zuwa hedikwatarsa, ya saurare su, amma bai yi musu alkawarin dawo da abin da suka rasa ba.

Sai kuma ga shi Google da kansa ya shiga sana'ar ba da amsa. Daga Mayun 2024 ya fara ɗora taƙaitaccen bayani na ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako. A makonnin farko ya shawarci wasu su zuba gam a miyar fiza don cuku ya manne, shawarar da ya tsinto daga wani tsohon barkwanci a dandalin Reddit. Mai auna ingancin kowa ke nan. An gyara irin waɗannan kurakurai, amma wata matsalar ta zauna: cibiyar Pew ta gano a 2025 cewa idan akwai wannan taƙaitawa, kashi 8 cikin 100 na lokuta ne kawai mai nema ke danna wani sakamako, idan babu ita kuwa kashi 15. Kai ka yi noma, wani ya sayar a bakin ƙofa.

Hukuncina a kan wannan tarihi na shekara goma sha wani abu shi ne: inganci sharaɗi ne, ba lamuni ba ne. Babu wata dabarar wayo da ta rayu, daga farin rubutu zuwa sayen mahaɗai zuwa gonakin rubutu, kowace ta ci kasuwarta ta mutu da masu ita. Amma duk wanda ya ce maka rubutu mai kyau shi kaɗai zai kai ka sahun gaba, bai faɗa maka rabin labarin ba. Suna yana aiki, girma yana aiki, kuma mai riƙe da ma'aunin ɗan kasuwa ne da ke da tasa hajar.

Mu kuma fa?

A Turanci, marubuci yana kokawa ne da shafuka dubu da suka riga shi. A Hausa matsalar ta sha bamban, filin ne babu kowa. In ka cire labarai, inda BBC Hausa da Aminiya da DW da RFI da sauran kafofi ke riƙe da wuri, sai addini da ya sami masu hidima, tambayoyi da yawa ba su da amsar kirki. Gwada neman yadda ake maganin tsutsar da ke cin masara, ko matakan rajistar ƙaramin kamfani, ko ma'anar sakamakon gwajin jini, da Hausa. Abin da za ka tarar sau da yawa kala biyu ne. Akwai shafukan da aka zuba wa fassarar na'ura, abin da ya yawaita tun bayan da Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a ƙarshen 2013, rubutun da kalmominsa na Hausa ne amma babu Bahaushen da ya taɓa magana haka. Akwai kuma labari ɗaya da shafuka ashirin suka kwafa har da kuskuren rubutunsa. Duk ɗan jaridar da ke rubutu da Hausa ya taɓa ganin guminsa a wani shafi da sunan wani.

Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne lafiya. Rubuta maganin basir, ko sanyi, ko ciwon suga, ka ga abin da zai fito. Ba sunan likita, ba adadi, ba gargaɗi, ba ko lambar NAFDAC, sai lambar waya a ƙasa. Tambayar Panda ta 2011, ko za ka ba ɗanka wannan magani, ba ta da mai yi mana ita yadda ake yi wa Turanci, domin na'urar tana zaɓa ne daga abin da ta samu. Idan ƙaiƙayi kaɗai aka zuba a faifai, ƙaiƙayi za a sheƙe.

Iliminmu ba kaɗan ba ne, wurin ajiyarsa ne na'urar ba ta isa. Yana cikin shirye-shiryen rediyo, da saƙon murya na WhatsApp, da bidiyon TikTok, da kawunan malaman gona da ungozomomi da makanikai. Likitan da ya yi bayani na minti ashirin a rediyo ya amfanar da wanda ya kunna a lokacin. Da ya zauna ya rubuta shi, da sunansa da asibitin da ya yi karatu da ranar da ya rubuta, da mai nema zai same shi bayan shekara biyar.

Akwai kuma 'yar matsalar da ta keɓanta da mu, ta haruffa masu lanƙwasa. Yawancin masu nema ba sa sa su, saboda allon wayarsu ba shi da su ko suna gaggawa. Kasa suke rubutawa ko da ƙasa suke nufi, baki ko baƙi, karya ko ƙarya. Wasu masu shafuka sai suka yanke shawarar su ma su watsar da ƙa'idar rubutu domin su dace da mai nema, har da haɗe ya yi ta koma yayi. Ban goyi bayan wannan ba. Mai karatu da ya ga rubutu a tsare yana ganin alamar wanda ya ɗauki aikinsa da muhimmanci, kuma amana daga nan take farawa. Abin da ya dace a ɗauko daga bakin mai nema shi ne kalmarsa. Idan jama'a hawan jini suke cewa, kada ka sa musu wata fassarar da ka ƙirƙira a take. Idan ulsa suke cewa, faɗi ulsa, sannan ka yi bayanin gyambon ciki.

Ga matasanmu da ke buɗe shafuka domin kuɗin talla, waɗanda ake koya wa kwafo labari su sauya kalma biyu, ko su sa na'ura ta zubo musu rubutu ɗari a dare ɗaya: hanyar da kuke kai Demand Media ya bi ta da jarin da ba ku da shi, wata ɗaya bayan shigarsa kasuwa aka fara rushe ta. Ga likitoci da lauyoyi da malaman gona da injiniyoyinmu kuma, tambayoyin da ake yi muku kullum a ofis da bakin masallaci, ana yi wa Google su da Hausa cikin dare, kuma mai sayar da jiƙo ne yake amsawa. Ku rubuta amsar, ku sa sunanku a ƙasa.